Na Daina Sa Rilaksa, Gashina Sai Karyewa Yake: Dole Ne Sai Na Aske?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Tun ina 'yar shekara 15 ake sa mini rilaksa, wato man miƙar da gashi, yanzu shekarata 29. Wata 5 ke nan da na daina, saboda duk sanda aka sa sai ta ƙona mini kai har ya yi ɓawo, ga gaban goshina ya fara cinyewa. To amma tun da na daina, in na taje kai sai mataji ya cika da gashi. Mai kitsona ta ce kaina ya yi tauri, in ba zan koma sa mai ba in nemi wata. Wata ƙawata kuma ta ce in riƙa wankewa da sabulun wanki da lemon tsami, wai zai fitar da rilaksar. Akwai abin da ke fitar da ita kuwa? Ko dole sai na aske? Maigidana ko maganar askin ba ya son ji. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da shawarar ƙawarki, don ita ce za ta fi yi miki ɓarna in kika bi. Babu sabulu, babu mai, babu jiƙon da ke fitar da rilaksa daga gashin da ta riga ta taɓa. Silin gashi da wani sinadari mai suna keratin aka gina shi, kuma wasu ƙulle-ƙulle na salfa da ke cikinsa su ke riƙe masa lanƙwasarsa. Rilaksa shiga ciki take yi ta tsinka su, shi ya sa gashin ke miƙewa. Mai ƙarfin cikinta da sodiyam haidiroksaid ake haɗa ta, wato sodar nan da mata ke yin sabulu da ita. Waɗanda ake rubuta wa cewa babu soda a ciki kuma galibi da ɗan'uwanta guwanidin haidiroksaid suke aiki, ɓarnar dai iri ɗaya ce. Gashin da ya riga ya fito ba shi da rai, ba ya warkewa. Sabulun wanki da lemon tsami ƙara busar da shi kawai za su yi, ya yi yamutsa-yamutsa ki zaci asalinsa ne ya dawo, alhali lalacewa ya ƙara yi.

Yanzu gashi iri biyu gare ki a sili ɗaya. Daga tushe akwai sabon tofo mai ƙarfi, mai nannaɗewa. Daga sama akwai tsohon da aka miƙar, wanda ya yi shekaru yana shan mai. Mahaɗarsu ita ce wuri mafi rauni a kanki gaba ɗaya, kamar inda aka ɗinka sabon yadi a jikin zanen da ya sha wanki: in aka ja, bakin ɗinkin ne ke fara yagewa. Mataji yakan wuce sumul ta cikin miƙaƙƙen, ya zo ya maƙale a mahaɗar, ke kuma ki fizga. Nan gashin naki ke tafiya.

Ki gwada wannan gobe. Ki zaro 'yan silla daga cikin matajin ki shimfiɗa a kan farar takarda. Wanda kika ga yana da ɗan farin ɗigo a gindinsa, wannan zubowa ya yi daga tushe, kwanansa ne ya ƙare, kuma kowane mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Wanda kuwa ba shi da farin ɗigon, miƙaƙƙe ne tun daga farko har ƙarshe, wannan karyewa ya yi. Nau'i na biyun shi ne wanda hannunki zai iya hanawa.

Askin ba dole ba ne. Akwai masu yanke tsohon gaba ɗaya rana guda su huta, kuma gaskiya ita ce hanya mafi sauƙi. Amma tunda a gida ba a so, sai ki bi ta a hankali. Gashi na tofowa kusan santimita 1 a wata, na wasunmu ma bai kai ba. Ke nan yanzu kina da santimita 4 ko 5 na sabo, sai dai da yake yana tsukewa, za ki ga kamar rabin haka. A shekara za ki samu wajen 10 zuwa 12, wanda ya isa a kama a yi kitso. Sai ki riƙa saisaye bakin tsohon santimita 1 ko 2 duk bayan wata biyu. Sabo na shigowa, tsoho na fita, tsawon bai canja ba. Maigida ba zai ma lura ba, in dai ba awo yake yi ba. Ni dai ba na ba da shawarar a ja abin ya wuce shekara ɗaya da rabi, domin daga nan wahalar lallaɓa gashi biyu ta fi amfanin jelar da ake riƙo.

Ranar wanki ita ce ranar da ake asara ko a tsira. Kada mataji ya ƙara taɓa kanki a bushe. Idan kin yi tsifa, kafin ruwa ya taɓa kan, ki ɗan shafa mai a yatsu ki bi kowane layi ki zare mataccen gashin da ya taru a gindin kitson. Kitson mako biyu ya tara zubin kwana 14, don haka dunƙulen da za ki gani kada ya tayar miki da hankali. In kika jiƙa shi bai fita ba, cuɗewa zai yi da sauran ya zama ƙulli, wani sai almakashi. Bayan nan ki raba kan gida 4 ko 6, ki kitsa kowane a sake, ki wanke fatar kai da tafin yatsu, gida-gida, ba tare da kin tattara gashin a tsakiyar ka kina cuɗawa ba. Sai abin da zai ba shi santsi. Kwandishina na kanti yana yi, karkashi ma yana yi, kuma shi na fi so don arharsa: ki jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace, ki zuba ya jiƙa gashin sharkaf. Yana cikin yauƙin za ki fara warwarewa da yatsu, sannan mataji mai manyan haƙora, daga baki kina gangarowa zuwa tushe, ɗaya hannun yana riƙe da gashin daidai mahaɗar. In ya maƙale, ki ajiye matajin ki koma yatsu. Zai ci miki lokaci, don haka kada ki fara ranar da kike saurin zuwa biki.

Mai kuma ba ya jiƙa gashi, rufe danshi yake yi. Mata da yawa na lafta man kaɗanya a busasshen kai, su wayi gari yana ƙyalli amma yana ƙarar karyewa. Ruwa tukuna, ko da feshi ne kaɗan, sannan kaɗanya ko man zaitun ko man kwakwa a kai. Da hunturu ki yi haka kwana biyu-biyu. Ɗankwalin auduga na shanye danshi, don haka ki sa hular satin a ƙarƙashi, da ita kuma za ki kwana. In kin yi wankan tsarki, ki tsane kitson da tsohuwar riga mai laushi, ki bari ya sha iska kafin ki rufe. Kan da aka rufe a jiƙe shi ke kawo ƙaiƙayi da tsami.

Mai kitsonki ta faɗi abin da hannunta ya ji, amma taurin nan ba ciwo ba ne, ƙarfin gashi mai lafiya ne da ta daɗe ba ta kama ba. Ki je mata da kai a warware, da ɗan danshi, kada ta sa kibiya ta tsaga shi a bushe. Ƙananan kitso da shukun da ake ɗaurewa tam ki ajiye su tukuna. Manya guda 8 ko 10, ko kalaba da gashinki kaɗai, kada ya wuce mako biyu zuwa uku. Kitson zare na iyayenmu ya fi komai dacewa da wannan lokaci, domin yana miƙar da sabon tofon ba tare da wuta ba, sai gashin biyu su yi kusan daidai. Duk kitson da ya sa miki ƙuraje a bakin goshi ko ya sa kika nemi maganin ciwon kai, ki tsefe shi a daren, ko nawa kika biya. In ta ƙi sassautawa, to ki karɓi shawararta ki nemi wata.

A salun za su ce ki zo a gasa tushen da ƙarfe ya daidaita da sama, ko a sa miki ɗan mai na yara wanda laushi kawai yake sawa. Ƙarfe mai zafi in aka maimaita yana kashe lanƙwasar har abada, shi kuwa man yaran rilaksa ce da aka rage wa ƙarfi, zai mai da ke farkon lissafi. Garin chebe na matan Chadi yana rage karyewa saboda yana lulluɓe sili da maiƙo, amma ba ya ƙara saurin tofo, kuma a jikin gashi ake sa shi, ba a fatar kai ba.

In zuciya ta fara raya miki komawa, ga abin da za ki sa a sikeli. A Oktoban 2022 masu bincike na cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Waɗanda ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara, haɗarin kansar mahaifa a wurinsu ya ninka na waɗanda ba sa sawa fiye da sau biyu: kusan kashi 4 cikin 100 kafin shekara 70, a maimakon kashi 1.6. Alaƙa aka gano, ba a tabbatar man ne sila ba, amma mai kan da ke ƙonewa irin naki, inda sinadari ke samun ƙofar shiga, ya kamata ta sani.

Gaban goshin naki ki duba shi a madubi cikin haske. In akwai ƙananan gashi masu laushi a wurin, tushen na nan da rai, zai dawo in an daina ja. In fatar ta yi sumul tana sheƙi, ko tsakiyar kanki na faɗaɗa da zafi ko ƙaiƙayi, ki ga likitan fata da wuri, don akwai zubewar da ke barin tabo, kuma inda ya yi tabo gashi ba ya sake fitowa. In kina jego ko kina yawan jin kasala, a auna miki jini. Ƙarancinsa ma na zubar da gashi.

Ranar da kika shirya rabuwa da ragowar, a yanka yana jiƙe da kwandishina. A lokacin ne sabon zai nannaɗe, tsohon ya zubo siriri a miƙe, mahaɗar ta fito fili. A bi shi kaɗan-kaɗan da almakashi mai kaifi wanda ba a yanka yadi da shi, a yanka ɗan ƙasa da mahaɗar ta ɓangaren sabon. Ban da reza, tana fasa bakin sili.