Yini ɗaya a Accra: ziyara da taimakon yara

Malam, ka ce yini ɗaya gare ka, kana son gaida abokai a Nima, ka kuma taimaka wa yara. Zai yiwu, amma ka yi sammako, domin cunkoson motocin Accra ba ya ragawa kowa. Fara da abokan, ku karya da koko da ƙosai, su raka ka makarantar allo a Mamobi, unguwar maƙwabciyar Nima ce ai. Kada ka raba kuɗi a titi, yara za su yanyame ka, ƙananan su tashi a tutar babu. Tambayi malamin abin da ya ƙare musu, littattafai ne ko tabarmi, ka sayo a kasuwar Nima. Hoto kuwa, sai da izinin iyaye. Azahar ku yi ta a babban masallacin Kanda.