Duniya Mai Rana Biyu: Dare Na Yi A Can Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Makka ce. Jikana ya nuna mini wani hoto a waya, wai an gano wata duniya da rana biyu ke fitowa a cikinta. Na ce masa mu da guda ɗaya ma ta hana mu leƙa waje da azahar, ina ga biyu? Shin da gaske ne? Kuma dare na yi a can kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Jikanki bai yi ƙarya ba, sai dai hoton da ya nuna miki zane ne, ba wanda ya taɓa ɗaukar hoton wannan duniyar. Wadda ta fi shahara cikin irinsu ita ce Kepler-16b, wadda aka sanar da gano ta a shekarar 2011 ta hanyar na'urar hangen nesa mai suna Kepler, da hukumar NASA ta Amurka ta harba sama a 2009. Nisanta kuwa, haske sai ya yi tafiyar shekara wajen 245 kafin ya iso mana, alhali daga ranarmu minti takwas da 'yan daƙiƙu kawai yake yi. Wato hasken da ke isowa yau ya baro can tun kafin Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804.

Ki fara riƙe wannan: rana tauraruwa ce kamar sauran taurari, kusanci ne ya sa ta cika mana ido. Taurari da yawa kuma ba su kaɗai suke zaune ba, biyu-biyu suke. Kin ga yadda 'yan mata biyu ke riƙe hannun juna su yi ta juyi a tsakar gida? To haka taurarin nan biyu suke yi, suna kammala zagayen junansu cikin kwana 41. Ita kuma duniyar tana can gefe, tana kewaya su duka biyun cikin kwana 229. Shekararta ke nan.

Daga nan amsar dare ta fito. Da a ce duniyar tsakanin taurarin take, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, da sai a ce dare ya yi wuya. Amma tana waje ne, su kuma suna tare a tsakiya, saboda haka kusan tare suke fitowa, tare suke faɗuwa. Ki miƙa hannunki gaba ki ware yatsu: tazarar babban yatsa zuwa ƙaramin, to kusan iyakar nisan da za a gani tsakaninsu ke nan a sama. Wata rana babbar ce za ta riga faɗuwa, wata rana ƙaramar, wani lokacin ma ɗaya ta shiga gaban 'yar'uwarta a yi husufi, duk bayan mako uku zuwa huɗu. Idan duka suka ɓace, duhu ya shigo kamar ko'ina.

Maganar zafi kuwa, a nan lissafinki ya kuskure, kuma kusan kowa haka yake zato. Ba yawan murhu ke dafa tuwo ba, ƙarfin wutar ne. Babbar tauraruwar ruwan lemo ce, nauyinta kamar kashi 69 cikin 100 na ranarmu. Ƙaramar ja ce, nauyinta kashi 20 kacal, haskenta kuma bai taka kara ya karya ba. Idan aka haɗa hasken su biyun bai kai kashi ɗaya cikin biyar na ranar da ke gasa ku a Makka ba. Shi ya sa duk da nisan duniyar da su bai wuce nisan Zara da ranarmu ba, wajen kilomita miliyan 105, sanyinta ya kai digiri 70 zuwa 100 ƙasa da sifiri. Ba kuma wurin da za a sa ƙafa: girmanta kamar na Zuhal ne, duniyar nan mai zobe, wajen rabinta kuma iska ce.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne inuwa. Idan kika tsaya a harabar Harami da dare tsakanin fitilu biyu, za ki ga inuwarki ta rabu biyu, ɗaya ta fi ɗaya duhu. Wanda zai tsaya a kan wani wata da ke kewaya irin wannan duniyar haka zai gani da rana tsaka, inuwa mai ƙarfi da wata siririya dishi-dishi a gefenta. Masu duba inuwa don sanin shigar la'asar da sun sha muhawara.

To yaya aka yi aka san da ita ba a gan ta ba? Kepler ta shafe shekaru tana kallon yanki ɗaya na sama, tana auna hasken taurari kusan 150,000. Idan duniya ta gifta ta gaban tauraruwarta sai hasken ya ɗan ragu, kamar ƙwaro ya wuce ta gaban fitila. A nan raguwar ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba. Abin da ya tona asirinta shi ne giftawar ba ta zuwa a kan lokaci ɗaya, wani zubin ta yi sauri da 'yan kwanaki, wani zubin ta makara, domin fitilun da kansu motsi suke yi. Wannan rashin tsarin ne ke sa irinsu wuyar kamawa ga kwamfuta. Wata duniyar mai suna TOI-1338 b, da aka sanar a farkon 2020, wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 17 ne ya lura da ita da idonsa, yana neman sanin makamar aiki a NASA.

Akwai kuma iyakar da duniya ba za ta ƙetare ba. Idan ta matso kusa da taurarin, fizgar wannan da ta wancan za su yi ta wujijjiga ta har su cilla ta waje ko ɗaya ta haɗiye ta. Sai nisanta ya kai ninki biyu zuwa huɗu na tazarar da ke tsakaninsu kafin ta zauna lafiya. Kepler-16b tana ninki uku da ɗan abu, wato dab da bakin gaɓa take tafiya.

Idan jikan naki yana son ya san ɓangaren da take, ku fita bayan gari da dare a lokacin zafi, inda fitilun Makka ba su kashe sama ba, ku duba wajen arewa ku nemi tarin taurarin da Larabawa ke kira Dajaja, masu siffar tsuntsu ya buɗe fukafukai. Kada ku ruɗe da tamu Kaza da 'Ya'yanta, waccan Surayya ce. Taurarin biyu suna cikin wannan yankin, amma ido ba ya kama su sai da na'ura.