Mai sabulu a kan mumbari

Yaya, ka ce abin ya ɗaure maka kai da na gaya maka direban bas ne ya yi mana wa'azi ranar Lahadi, har kana tambaya ko fastoci sun ƙare a Ingila. Ba su ƙare ba. Haka tsarin cocin Metodis yake tun zamanin John Wesley, wanda ya kafa shi: majami'u da yawa a zagaye ɗaya, fasto ɗaya ko biyu, sauran Lahadin kuwa masu wa'azin sa-kai ke cike su. Ana horar da su, a gwada su, a sa sunansu cikin jadawalin da ke fita duk wata uku. Ko sisi ba a biyan su. Mu ma da muka zo sai da muka ɗan yi jim kafin mu saba.

A Runcorn, garin da ke bakin kogin Mersey kusa da inda muke zaune, akwai wanda har yau ba a manta da shi ba, Thomas Hazlehurst. An haife shi a 1816, ya rasu a 1876. Mahaifinsa ne ya kafa masana'antar sabulu da sinadarin soda a bakin mashigin ruwan Bridgewater, 'ya'yan suka gada. Ranakun aiki yana cikin lissafin kaya, ranar Lahadi yana kan mumbari. Da kuɗin aljihunsa ya gina majami'u 12 da makarantu 3, shi ya sa ake kiransa mai gina majami'u. Mafi girma ita ce St Paul's, wadda aka buɗe a 1866. Yakan rubuta wa'azinsa, ya buga, ya raba kyauta. Duk inda aka gayyace shi aza harsashi sai a ba shi cokalin magini na azurfa, har suka taru masa da yawa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba, don yana damuna. Sodar wancan zamani da gishiri da ruwan asid da gawayin ƙasa da farar ƙasa ake yin ta, hayaƙinta kuwa yana ƙona ganye, yana cin ƙirjin ma'aikata. Runcorn da Widnes, garin da ke ɗaya gefen kogin, sun sha wannan wahala, har majalisar Birtaniya ta yi dokar taƙaita sakin hayaƙin a 1863. Ka ga ke nan wasu daga cikin masu rera waƙa a majami'unsa da tari suke rerawa. Ina ganin girmansa ƙwarai, amma duk lokacin da dattawan cocinmu suka ambace shi, waɗannan ma'aikata nake fara tunawa.

Direban nan kuwa, shekararsa ta biyu ke nan yana karatun wa'azi da dare bayan ya ajiye mota. Wata mai zuwa matata ce za ta raka shi wata ƙaramar majami'ar ƙauye, ita za ta karanta nassi.