Funfuna ta kama min kayan lefe

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. An kawo lefena a watan Mayu, akwati shida, biki kuma sai bayan damina. Umma ta zuba kafur a ciki, aka jera su a ɗakin ajiya aka kulle. Makon jiya muka buɗe don fitar da na ɗinki, sai wari ya buge mu. Takalma da jakunkuna sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari, shadda biyu da ke can ƙasan akwati kuma sun yi ɗige-ɗigen baƙi. Wallahi har kuka na yi. Me ya jawo haka, alhali mun sa kafur? Yaya zan yi da kayan?

'Yarki daga Zariya

AMSA

Wa'alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana ranar lafiya. Share hawayenki, yawancin kayan nan za su dawo.

Kada ki ga laifin Umma. Kafur ƙwari yake kora, irin su asu, ba ya tsotse laima ko kaɗan, ita kuwa funfuna laima take bi. Abu ce mai rai, irinta yana yawo a iskar kowane gida. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 ya daɗe a haka, ta sami ɗaki a rufe, ga abincinta a ajiye, wato auduga da fata da takarda da sitacin jikin sabon yadi, to ta sami wurin zama. Kaya masu jiƙa kuwa, kwana ɗaya zuwa biyu sun ishe ta. Ke kin san yadda marka take a Zariya cikin Agusta, a wanke zane ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.

Da kika ce shaddar ƙasa ce ta ɓaci, na gane a kan siminti aka ajiye akwatunan, wataƙila ma a jingine da bango. Siminti yana jawo laima daga ƙasa, ko da ido na ganinsa a bushe.

Ni ma da hasara na koyi wannan. A daminar 2012, shekarar ambaliyar nan, ruwa bai shigo gidanmu ba, don haka hankalina a kwance yake. Littattafan mahaifina, Allah ya jiƙansa, da gafakar Alƙur'aninsa na naɗe su a leda, na sa a adaka, na tura ƙuryar ɗaki, a zatona na killace su ke nan. Ashe ledar ce ta tsare danshin a ciki. Da na buɗe a hunturu, gafakar ta yi kore, takardun da ya rubuta da hannunsa sun manne da juna. Shadda ana sayen wata. Waɗancan takardu har yau ina jin zafinsu.

Ki jira ranar da rana ta buɗe sosai, ki fitar da komai tsakar gida. Ki sa takunkumi, kuma kada ki karkaɗe a cikin ɗaki. Mai asma da ƙananan yara su yi nisa. Takalma da jakunkuna ki goge su da busasshen tsumma tukuna, sannan da tsumman da kika ɗan jiƙa da sifirit da ruwa rabi da rabi, bayan kin gwada a wani lungu da ba a gani. A inuwa za su sha iska, don rana mai zafi tana fasa fata. Shaddar ki jiƙa ta a ruwan da aka zuba wa farin khal, ki wanke, ta bushe ƙarau, a kai wa masu bugu. Baƙin tabon da ya ci zare ba lallai ya fita duka ba, sai ki nuna wa tela ya kauce masa wajen yanka. Bilic kuwa farin yadi kawai, kuma ina roƙonki kada ki taɓa haɗa shi da khal, hayaƙin da suke fitarwa guba ne.

Akwatunan su ma su yini a rana baki buɗe, su huce kafin a mayar da kaya. A ɗora su a kan benci ko katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da bango. Cire takalma daga leda, naɗe su a tsohon zanen auduga, kuma akwatinsu daban da na yadi. Ƙananan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar gishiri da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kada ki zubar, danshi suke sha. Sai dai a ɓoye su daga yara. Gawayi a ƙulle cikin tsumma yana rage wari.

Abin da ya fi duk waɗannan shi ne buɗewa. Har damina ta ɗauke, duk mako biyu ki buɗe tagar ɗakin da rana tsaka, ki ɗaga murfin kowane akwati, ki tura hannu har ƙasa. Idan kin ji sanyi-sanyi a yatsunki, ranar za a fitar da su.