Deathtouch da Trample a jikin dodo ɗaya

Ɗan'uwa, abokin wasanka da ya ce ba sai an zuba wa mai tarewa huɗu ba, shi ne mai gaskiya. Tambayarka ita ce: a wasan kati na Magic: The Gathering, dodo 6/6 (ƙarfin duka shida, juriya shida) mai Deathtouch da Trample, in ka tare shi da dodonka 4/4, sai ya zuba masa huɗu kafin ragowar ta iso gare ka? A'a. Trample cewa ta yi a ba mai tarewa abin da zai kashe shi, ragowar dukan ta wuce gare ka, Deathtouch kuwa ta mai da ɗaya tak ya zama kisa. Ɗaya nasa, biyar naka ke nan.

Inda ake yawan musu shi ne in mai tarewar Indestructible ne, wato wanda duka ba ya kashe shi. Lissafin bai canza ba. Shi dai ba zai mutu ba, amma biyar ɗin nan sai ka sha su.