Tafiyar zaune: amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi sunan halin mijinta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sau biyu na karanta tambayarki kafin na iya ɗaukar rubutu. Kin ce maigidanki yana dawowa daga kasuwa da magariba, ya ci tuwo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan waya, daga nan sai wasan yaƙi na intanet har ƙarfe biyun dare. In kin yi magana sai ya ce ai a gida yake, ba yawon banza ya tafi ba. Kina so ki sani ko wannan hali yana da suna. Ina amsa miki ne don ni kaina na yi kusan shekara biyu a cikin abin da mijinki yake ciki, kuma da Allah ya fitar da ni na bi diddigin sunayen da mutane suka raɗa masa, tunda aikina koyar da harshe ne.

Sunaye kam akwai. Wanda ya fi yaɗuwa a Turanci shi ne phubbing, wato ka share mutumin da ke gabanka saboda waya. Ba a bakin jama'a kalmar ta tsiro ba. A 2012 ne wani kamfanin talla a Ostireliya ya tara masana harshe da marubuta a Jami'ar Sydney suka ƙera ta, don tallata ƙamus ɗin Macquarie, sai ta kama ta bi duniya. Jamusawa suna da Smombie, haɗin wayar zamani da gawa mai tafiya, kuma ita aka zaɓa a matsayin kalmar matasa ta shekarar 2015 a can. Mutanen Sin suna cewa ditouzu, ma'ana ƙabilar masu sunkuyar da kai. Wannan ta burge ni, don da Bahaushe ne ya raɗa ta da 'yan sunkuye zai ce, kuma kowa zai gane. Ta Japan ce ta fi nauyi: netoge haijin, mutumin da wasan intanet ya mayar kango, ba aiki, ba makaranta, ba wanka.

Sai dai duk waɗannan, in kin lura, kallon mutumin suke yi daga waje. Suna faɗar yadda wuyansa ya lanƙwashe, yadda yake tafiya kamar ba rai. Da wani ya kira ni da ɗaya daga cikinsu a wancan lokacin, dariya zan yi ko na ji haushi, shi ke nan. Kalmar da ta taɓa ni ta fito ne daga bakin waɗanda aka bari. Akwai wani wasa mai suna EverQuest da ya fito a Amurka a 1999, wanda ya riƙe mutane har masu yin sa da kansu suka yi masa laƙabi da sunan hodar maye. Matan da mazajensu suka nutse a cikinsa sai suka haɗa kai suna kiran kansu matan mamatan EverQuest. Miji yana raye, yana ɗaki ɗaya da ita, amma ita takaba take ji tana yi. Matanmu nan ma sun riga sun samo tasu kalmar ba tare da sun karanta wannan tarihi ba. Uwargidana kishiya take kiran wayata, kuma ba da wasa take faɗa ba.

Bari in gaya miki abin da mutanen gida ba sa gani, don shi ne tushen maganar. Wasan da na shiga, gari kake ginawa, ka tara mayaƙa, ka shiga runduna da mutane kusan hamsin, yawancinsu daga wasu ƙasashe. Lokacin yaƙi su suke sawa daidai da agogonsu, wanda a wurinmu yake faɗowa ƙarfe ɗayan dare. In ba ka fito ba, rundunarku ta sha kashi, da safe ka tarar da saƙonni ana tambayar ina ka shiga, lafiya kuwa? A can ina da muƙami, ana jiran shawarata, ana yi mini sannu da zuwa. Saboda haka ban taɓa jin cewa sakaci nake yi ba. Ji nake amana nake saukewa. Ina kyautata zaton mijinki ma haka yake ji, shi ya sa in kin ce wasa yake yi sai ya ga ba ki fahimce shi ba. Akwai mutane na gaske a can suna jiransa. Abin da ya manta shi ne na nan ma suna jira, kuma su ba su da wani madadinsa.

Jam'in asuba ya fara kuɓuce mini, har limamin unguwarmu ya tare ni yana tambayar ko tafiya na yi. Kuɗin data ya kai ina rage na cefane ba tare da na faɗa ba. Duk wannan bai farkar da ni ba. Abin da ya farkar da ni wata Juma'a ce da na je gaida Hajiyarmu. Tana zaune kan tabarma tana shafa man zafi a gwiwarta, tana ba ni labarin yadda ciwon ya hana ta barci, ni kuma ina ta cewa eh, to, haka ne, idona yana kan waya. Ashe ta daɗe da yin shiru. Ni ban sani ba, na sake cewa haka ne, alhali ba wanda ya yi magana. Da na ɗago sai na ga ta rufe kwalbar man tana kallona. Ta ce, "Tashi ka je wurin mutanenka. In ka dawo daga tafiyar sai ka zo ka gaishe ni." Ba ta ɗaga murya ba. Har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Daga maganar nan tata ce gidanmu ya samu kalmarsa. Muna cewa tafiyar zaune. In yara suka ga wani ya nutse a waya ana yi masa magana ba ya ji, sai su ce ya yi tafiyar zaune. A ganina ta fi duk na ƙasashen waje da na lissafa miki amfani a cikin gida, domin ba zagi a cikinta, kuma tana rushe hujjar nan ta ai a gida nake. Wanda ya yi tafiya ba ya nan, ko da takalminsa yana bakin ƙofa. Sannan matafiyi ana sa ran dawowarsa, ba kamar gawa ko kango ba. Yana ma damuna yadda muke kiran wuraren hira na intanet kafafen sada zumunta, alhali iyayenmu sun ce zumunci a ƙafa yake.

Game da ko ciwo ne, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar wasannin bidiyo a jerin cututtuka. Amma ba kowa mai yawan wasa ta ce yana da ita ba. Alamomin da ta kafa su ne mutum ya kasa iyakance wa kansa, ya fifita wasan kan sauran lamuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, yawanci har tsawon wata 12. Ki auna mijinki da wannan. In kasuwarsa ta fara taɓuwa, ko yana ɓoye miki kuɗin da yake zubawa, ko ya sha yin alkawarin bari yana komawa, to ya wuce abin da nasiha kaɗai za ta magance, ku nemi likitan da ya san harkar.

In bai kai nan ba, kada ki ƙwace wayar, kada kuma ki yi maganar yana tsakiyar wasa, don ba zai ji ki ba. Ki bari sai da safe bayan ya karya. Kada ki ce masa ɗan wasa ko mai jaraba. Ki faɗa masa abu ɗaya da ya faru a gidan yana zaune bai gani ba, da ranar da ya faru. Ki kuma tambaye shi su wane ne mutanen da yake wasan da su, da gaske kina son sani, domin sai ya iya yi musu sallama kafin ya bar su. Ni sai da na rubuta wa rundunarmu cewa na sauka, na miƙa muƙamina ga wani, sannan hankalina ya kwanta. Bayan haka muka yi yarjejeniya da uwargida cewa daga sallar isha'i wayar a falo take kwana, a jikin caja. Sau uku na karya yarjejeniyar a watan farko. Sai da aka yi kusan wata uku kafin na daina farkawa ƙarfe ɗayan dare ina laluben gefen filo.

Allah ya dawo miki da shi lafiya, 'yar'uwa. In kin yi masa maganar, ki sanar da mu yadda ya karɓe ta.