Zuwa wurin masu ba da shawara kan bashi yana zubar da makin kiredit?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ana bina bashin dala 18,000 a katunan bashi guda huɗu, waɗanda iyakarsu gaba ɗaya dala 21,000 ce. Kuɗin ruwan ya kai kashi 24 cikin ɗari a shekara. Kowane wata ina biya, amma bashin kamar ba ya motsi. Makina na kiredit 640 ne, kuma sau ɗaya na taɓa yin lattin da ya wuce wata guda, a bara. Wani abokin aiki ya ce in je wurin ƙungiyar masu ba da shawara kan bashi, wani kuma ya ce da zarar na je makina ya lalace. Ga wani kamfani yana ta kira na a waya, wai zai sa a yafe mini rabin bashin. Ina son sayen gida nan da 'yan shekaru. Wanne zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abokan aikin naka biyu kowa ya riƙo wani ɓangare na gaskiya, sai dai abubuwa uku ne aka cakuɗa maka su a matsayin ɗaya: zaman shawara, tsarin biyan bashi ta hannun ƙungiya, da cinikin yafe bashi irin na kamfanin da ke kiran ka. Na farko ba ya taɓa makinka ko kaɗan, wato lambar da masu ba da rance ke dubawa su auna yadda kake biyan bashi. Na biyu yakan ɗan girgiza shi da farko, sannan ya gyara shi. Na uku shi ne mai ɓarna.

Zaman shawarar bai wuce minti talatin zuwa awa ɗaya ba, a waya ko ta intanet ko ido da ido, kuma a yawancin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba kyauta ne. Mai ba da shawarar zai duba albashinka da abin da kake kashewa, ya jawo rahoton kiredit ɗinka, wato tarihin basussukanka da yadda kake biyan su, ku lissafa tare. Irin wannan jawo rahoto ba ɗaya yake da wanda banki ke yi lokacin da ka nemi sabon rance ba. Masu ba da bashi ba sa ganin sa, kuma ba ya shiga lissafin maki. Kana iya tashi daga zaman ka yi tafiyarka ba tare da ka sa hannu a komai ba.

Idan lissafi ya nuna kana iya biya amma ruwa ne ke cin ka, sai su ba ka shawarar shiga tsarin biyan bashi, wanda a takardunsu za ka ga an taƙaita shi da DMP. Ba rance ba ne, kuma ba a rage maka ko sisi daga uwar kuɗin. Ƙungiyar ce za ta aika wa kowane banki buƙatar ya sassauta kuɗin ruwa ya kuma daina ɗora tarar latti, kai kuma ka riƙa tura mata kuɗi dunƙule sau ɗaya a wata, ita ta rarraba. Ana gamawa cikin shekara uku zuwa biyar. Ruwan da bankuna ke yarda da shi ya bambanta, kowanne da nasa ma'auni, amma sau da yawa yakan sauko ƙasa da kashi 10.

Mu ɗauki alƙalumanka. Kashi 24 a shekara kashi 2 ke nan a wata, wato dala 360 na ruwa zalla a kan 18,000. Idan kana biyan 475 a wata, 115 kacal ke taɓa uwar kuɗin a watan farko. Shi ya sa kake ganin kamar kana zuba ruwa a rariya. A haka za ka kwashe kusan shekara shida, ka biya ruwan da ya kai dala 16,000, shi ma in ba ka ƙara sayen komai da katunan ba. To a ce an sauko maka da ruwan zuwa kashi 8 na wata 48: biyan wata zai kama dala 440, ruwan duka kuma kusan 3,100. Ƙungiyar tana da nata caji, na buɗe tsari sau ɗaya da kuma na wata-wata, wanda dokokin jihohi suka yi wa iyaka. A ce 50 na buɗewa da 35 a wata, ya zama 1,730 a shekara huɗu. Kuɗin da ke fita daga aljihunka a wata bai canza ba, 475 ɗin nan dai, amma ka gama shekara biyu da wuri kuma abin da ka biya a kan uwar kuɗi bai kai 5,000 ba. Kashi 8 da cajin nan misali ne na lissafi. Ka nemi a rubuta maka ainihin abin da kowane banki daga cikin huɗun ya saba bayarwa kafin ka amince.

Batun maki kuma, sai an san yadda ake haɗa shi. Makin FICO, wanda mafi yawan masu ba da rance a Amurka ke dubawa, yana tsakanin 300 da 850, kuma ana fitar da shi daga abin da kamfanonin tattara rahoton kiredit guda uku, Equifax, Experian da TransUnion, suka tara a kanka. Tarihin biya a kan lokaci shi ke da kashi 35, yawan bashin da ke kanka kashi 30, daɗewar asusunka kashi 15, sabon bashi kashi 10, sai nau'o'in bashin da kake da su kashi 10. Babu gurbin “ya je wurin masu shawara” a ciki. Wasu bankuna sukan sa 'yar alama a asusun cewa ana biyan sa ta hannun ƙungiya. FICO ba ta lissafa wannan alama, kuma ana cire ta idan an gama. Amma ma'aikacin banki da ya zauna ya karanta rahotonka da idonsa zai gan ta, yana kuma iya yanke hukunci da ita.

To daga ina raguwar ke zuwa? Daga rufe katuna. Sharaɗin bankuna ne cewa duk katin da aka sa a tsarin sai an rufe shi. Rufewar tana ɗauke maka sararin da ya rage a katunan, sai kason bashinka a kan iyakar da aka ba ka ya hau. Wanda ke da iyakar 40,000 yana amfani da 12,000 zai ji a jikinsa sosai. Kai kuwa 18,000 a kan 21,000 kashi 86 ne tun yanzu. Ɓarnar da wannan ɓangare zai yi maka ta riga ta auku, sararin 3,000 kaɗai za ka rasa. Don haka ina ganin tsoron da aka ba ka ya fi ƙarfin abin da zai faru. Maganar daɗewar asusu ma ba abin tayar da hankali ba ce, domin asusun da aka rufe lafiya yakan zauna a rahoto har shekara goma, ana ci gaba da ƙirga shekarunsa. Daga nan kowane wata kana ƙara biya ɗaya mai tsabta a ɓangaren kashi 35, bashin kuma yana raguwa a ɓangaren kashi 30. Kashi 65 na lissafin ke nan suna tafiya a hanyar da kake so. Lattin bara zai zauna a rahoto shekara bakwai daga lokacin da ya faru, babu ƙungiyar da za ta goge shi, amma nauyinsa yana raguwa yayin da yake tsufa.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne wata biyun farko. Ka sa hannu yau, ba yana nufin bankuna sun amince yau ba. Buƙatar takan ɗauki makonni, kuma ranar da ƙungiya ke rarraba kuɗi ba lallai ta dace da ranar da kowane kati ya ɗiba maka ba. Mutum ya daina biya da kansa yana zaton komai ya koma hannun ƙungiya, kati ɗaya ya wuce kwana 30 ba a biya ba, banki ya kai rahoto. Latti ɗaya irin wannan ya fi rufe katuna huɗu ciwo. Ka tambayi mai ba ka shawara, kati bayan kati, wa zai biya na wannan watan kuma yaushe kuɗin zai isa. Ka roƙi bankunan su matsar da ranar biya zuwa bayan ranar rarrabawa. Kuma ka ci gaba da buɗe takardar bayanin kowane kati duk wata, ka tabbatar kuɗin ya shiga, ruwan kuma shi ne wanda aka yi alkawari. Sunanka ne a kan bashin har yanzu. In ƙungiya ta yi latti, kai za a rubuta wa.

Rami na biyu shi ne amincewa da biyan da ya fi ƙarfinka. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne: mota za ta lalace, aiki zai yi sanyi, kuma babu katin da za ka jingina da shi. In ka tsallake biya, banki na iya janye sassaucin ya maido da tsohon ruwa, ga kati a rufe, an gudu ba a tsira ba. Idan bayan haya da abinci da inshora 475 ɗin ba ta fita sai da ƙyar, ka nemi a shimfiɗa tsarin zuwa wata 60, ka kuma riƙa ajiye wani abu a gefe ko da kaɗan ne. Wasu ƙungiyoyi sukan bari a bar kati ɗaya a waje saboda larura, ka tambaya. Ka sani kuma tsarin na bashin da ba shi da jingina ne, kamar katuna da wasu rancen da mutum ke ci don buƙatun kansa. Bashin gida da na mota ba sa shiga.

Kamfanin da ke kiran ka kuwa, sana'arsa daban. Zai ce ka daina biyan bankuna, ka riƙa tara kuɗi a wani asusu, sai bashin ya ruɓe sannan ya je ciniki. A wannan tsakanin ana rubuta maka latti na kwana 30, 60, 90, har zuwa wajen kwana 180 lokacin da banki ke rubuta bashin a matsayin asara, tara da ruwa suna ta hawa. Babu dokar da ta tilasta wa banki ya yi ciniki; yana iya kai ka kotu. Ladan kamfanin yakan kama kashi 15 zuwa 25 na bashin, wato dala 2,700 zuwa 4,500 a naka. Abin da aka yafe kuma, in ya kai dala 600, ana kai rahotonsa ga hukumar haraji ta IRS a takarda mai lamba 1099-C, kuma ana iya ɗaukar sa a matsayin kuɗin shiga, sai fa in ka nuna bashinka ya fi dukiyarka a lokacin. In aka haɗa duka, rabin nan da aka yi maka alkawari ya zaizaye. Tun 2010 ƙa'idar hukumar FTC, mai sa ido kan kasuwanci da kare masu saye a Amurka, ta hana kamfanonin da ke tallar wannan aiki ta waya karɓar lada kafin su sasanta bashi ko da ɗaya, don haka wanda ya nemi kuɗi tun farko ka ajiye wayar. Ga wanda ya riga ya yi watanni ba ya biya, cinikin yana iya zama abin dubawa. Ga mai latti ɗaya tak da ke son gida, rusa katanga ne don a gyara tsaga.

Wajen zaɓen ƙungiya, kalmar “ba ta neman riba” kaɗai ba ta isa shaida ba. Ka duba ko mamba ce a ɗaya daga cikin gamayyar ƙungiyoyin masu ba da shawara kan bashi guda biyu: NFCC, wadda aka kafa a 1951, ko FCAA. Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ma tana da jerin ƙungiyoyin da ta amince su yi zaman shawarar da dokar 2005 ta wajabta cikin kwana 180 kafin mutum ya shigar da ƙarar karyewar arziki. Hatta takardar katinka ta wata-wata tana ɗauke da lambar waya ta kyauta ta neman irin wannan shawara, domin dokar katunan bashi ta 2009 ta sa dole a buga ta. Wani abu da ba kowa ke faɗa ba: bankuna suna ba ƙungiyoyin nan wani kaso na tallafi daga abin da suka tattaro musu. Ba laifi ba ne, amma yana nufin suna da amfani in ka shiga tsarin. Mai shawarar da ya miƙo maka takardar sa hannu kafin ya tambayi kuɗin hayarka, ba shawara yake ba ka ba, talla yake yi. Na ƙwarai zai gaya maka cewa kana iya kiran bankunan da kanka ka nemi sassaucin masu matsi, kuma in lissafi bai fita ba zai ce ka ga lauyan karyewar arziki, duk da cewa ƙarar da aka shigar a ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karyewar arziki tana zama a rahoto shekara goma, Babi na 13 kuma shekara bakwai.

Game da gida: kana cikin tsarin ba za ka buɗe sabon kati ba, amma ƙofar rancen gida ba ta rufe ba. A rancen da hukumar gidaje ta gwamnatin tarayya, FHA, ke tsaya wa, idan ma'aikaci ne ke duba takardunka da hannu, abin da ake nema shi ne shekara ɗaya ta biya ba latti da kuma izinin ƙungiyar a rubuce. Sai dai 475 ɗin za ta shiga lissafin bashinka a kan albashi, ta rage girman rancen da za a ba ka, don haka in za ka iya haƙuri har bashin ya sauko sosai ko ya ƙare, za ka sami ruwa mai sauƙi. Kafin zaman farko, ka sauke rahotanninka uku kyauta a AnnualCreditReport.com, ka duba ko lattin bara an rubuta shi daidai. In akwai kuskure ka ƙalubalance shi a rubuce, doka ta ba su kimanin kwana 30 su bincika. Ka tafi da takardun katunan huɗu na watan ƙarshe, da shaidar albashi ta wata biyu, da jerin abin da kake kashewa na gaskiya, ba wanda kake fatan kashewa ba.